Jar Wuta a Hanyar Kurfi

Na yi tuƙi har sai da 'ya'yana suka taru suka karɓe makulli daga hannuna, na kuma ga abubuwa iri-iri a kan hanya, masu daɗi da marasa daɗi. Amma akwai yini guda da ko daga barci aka tashe ni zan iya ba da labarinsa daki-daki. Shi ne ranar da jar wutar mai ta kama mini a hanyar Kurfi, ina ɗauke da allurar shanu. Wannan rana kam ba zan manta da ita ba sai ƙasa ta rufe mini ido.

A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Dutsin-Ma, ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura a Katsina ya damƙa mini, ina yi masa jigilar gero da dawa daga kasuwannin ƙauye. Ni ba bakanike ba ne. Ɗan abin da na sani na tsince shi ne a bakin gareji, don duk sa'ad da na kai motar gyara ba na tafiya shan shayi kamar sauran direbobi, sai in tsuguna in zuba ido, in yi ta tambaya har a gaji da ni. A nan na koyi cewa daga cikin duk abubuwan da ke gaban direba, babu abin tsoro kamar wata 'yar jar wuta. In ka murɗa makulli sai ta kama, in injin ya tashi sai ta mutu. To, in ta kama kana cikin tafiya, tana gaya maka baƙin mai ba ya zagaya injin, kuma in ka yi taurin kai, kafin ka ankara injin ya buga. Injin da ya buga kuwa a wancan zamani, mota ta zama ɗakin kaji.

Shekarar, ana ta raɗe-raɗin cewa bushiya, ciwon nan da ke share garke ƙaf, ta ɓulla daga arewa. Wata rana da yamma sai ga malamin dabbobi na garinmu a ƙofar gidanmu. Gajeren mutum ne mai fara'a, kullum cikin kakinsa, yana jin Fillanci kamar a ruga aka haife shi. Ya gaya wa Baba cewa motar ofishinsu tana Katsina ba ta dawo ba, shi kuwa ya yi alkawari da wani ardo a wajen Tamawa za a tara masa shanu gobe. Baba bai tsaya dogon tunani ba, ya dube ni ya ce, "Ka kai shi. In shanun mutanen nan suka mutu, wa zai sayi hatsinmu?"

Washegari muka fita bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Ƙarshen bazara ne, irin lokacin da hadari ke haɗuwa kullum yana watsewa, tun da safe mutum na jin zufa na bin bayansa. Malam ya hana a ɗora kayansa a baya. Wasu manyan fulas ne masu faɗin baki, ya jera su a tsakanin ƙafafunsa, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. A hanya ya yi mini bayani. Maganin, in ji shi, a cikin sanyi yake rayuwa. Ya cika fulas ɗin da ƙanƙarar da firijinsu mai kananzir ya kwana yana yi, muddin tana nan magani na nan. In ta narke maganin ya ɗauki zafi, ya zama ruwa, har ma gara ruwa, don makiyayi zai tafi da zaton saniyarsa ta tsira alhali ba abin da aka yi mata. Ya kuma ce ardon ya sha wuya kafin mutanensa su yarda su taru, domin da yawansu na ganin dabara ce kawai ta a ƙidaya shanu saboda jangali. Da mutuncinsa ya lamunce. In muka saɓa alkawari, ba za su sake taruwa ba ko da an yi shela da ganga.

Na ce masa, "Malam, kwantar da hankalinka, kafin hantsi ya dubi ludayi muna can." Ƙuruciya ke nan, ko in sha Allahu ban ce ba sai da ya tuna mini.

Mun hango duwatsun Kurfi ke nan, ranar kuma kasuwar garin ce, hanya cike da jakuna da masu kaya a ka, sai na ga jar wutar ta ƙifta. Na ce wa raina gargada ce. Ta sake ƙiftawa. Can sai ta kama ta zauna daram, a lokaci guda kuma ƙaurin ƙonannen mai ya shigo mana. Na gangara gefen hanya na kashe injin.

Malam ya dube ni, ya dubi fulas ɗinsa, ya ce, "Ba za ta iya lallaɓawa ta kai mu ba?"

Ban ga laifinsa ba, don ni ma abin da zuciyata ke raya mini ke nan. Ga Tamawa ba ta da wani nisa, ga mota tana tafiya lafiya ƙalau kafin na kashe ta. Amma na san in na bi wannan shawara, mai yiwuwa mu tsaya a tsakiyar daji inda ba mai taimako, mu rasa mota mu rasa magani. Na ce masa ya ba ni dama in duba tukuna.

Da na ɗaga bonet, gefen injin ya yi sharkaf da baƙin mai, yana ta ɗiga a kan yashi. Na zaro sandar awon mai na goge na mayar na sake zarowa. Ya ragu sosai, amma bai ƙare ba. Na ɗan ji sanyi. Na samu tsumma na goge wurin tas, sannan na zaunar da Malam a kujerar direba, mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, na nuna masa inda zai murɗa da inda zai danna, na ce da ya ji na yi tsawa ya kashe. Ya yi bismilla ya tayar. Na leƙa da kaina har kunnena na jin hucin injin. Ai kuwa sai na ga mai na tsartuwa, siriri kamar nonon da ake tatsa, daga wani ɗan abu da ke ɗaure a jikin injin, da waya guda a kansa. Na yi tsawa, ya kashe.

Ɗan abin nan makanikai na kiransa suwic ɗin mai. Girmansa bai kai ƙwallon goriba ba, gindinsa ƙarfe ne mai haƙora da ake murɗawa cikin injin, kansa kuwa wata baƙar roba ce mai tauri. Shi ne ke jin ƙarfin man da ke zagayawa, shi ke kunna jar wutar, shi ke kashe ta. Kan nasa ne ya tsage. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, har Malam ya zaci na zautu. Na ce masa, "Malam, injin lafiyarsa lau. Da mai ba ya zagayawa, da ba zai tsartu haka ba. Mai gadin ne ya yi rauni, ba mai gida ba." Ya ce to alhamdu lillahi, mu tafi mana. Sai a nan dariyar ta tsaya mini, don ta wannan 'yar tsaga mai zai iya tsiyayewa ƙaf kafin mu yi nisa.

Na gwada dabarar da nake da ita. Na kwaɓa sabulu na liƙe tsagar, na yanko robar tsohon tiyub na naɗe tam. Malam ya sake tayarwa. Ko numfashi biyu ba a yi ba mai ya tunkuɗe sabulun ya fesa mini a gaban riga. Masu wucewa da suka fara taruwa suka kwashe da dariya, ni ma ban san lokacin da na taya su ba. Abin da ya rage shi ne a canja shi, ni kuwa na san kusa-kusa inda ake sayar da irinsa sai Katsina, kafin a je a dawo rana ta faɗi.

Mutanen kasuwa, Allah ya saka musu da alheri, suka ajiye kayansu suka tura mu har gindin wata tsamiya a bakin gari. Malam ya sauke fulas ɗinsa a inuwa, wani ya jawo guga daga rijiya aka sake jiƙa buhun. Na ga ya ɗan buɗe murfin ɗaya ya leƙa ya rufe da sauri. Na san ƙanƙarar ta fara narkewa.

Muna nan sai ga wasu mata masu tallan nono, a gabansu wata dattijuwa doguwa, siririya, da ƙwarya a ka. Ta tsaya ta ƙare wa Malam kallo, ta ce, "Kai ba kai ne malamin allura ba? Mi kake yi nan, shanunmu na can tsaye tun asuba ko kiwo ba su fita ba?" Ashe daga rugar ardon take. Malam ya yi mata bayani da Fillanci, ta sauke ƙwaryarta ta matso ta ce in nuna mata abin da ya lalace. Na nuna mata da yatsa. Ta ce, "Wanga ɗan mitsitsin?" Na ce shi fa, Inna. Ta tambaye ni ko duk mota na da shi, na ce duk mota irin wannan. Sai ta ce, "To, akwai 'yar'uwarta cikin garin ga, kamar an tsaga kara. Duk kasuwa ina kai nono gidan, kaji na ƙwai cikinta. Taho mu tahi."

Sai ta faɗi ko gidan waye. Wani Alhaji ne mai hatsi, shi da mahaifina sun daɗe suna gogayya a kasuwanni, gaisuwarsu sama-sama ce. Na kuma taɓa jin labarin motar tasa. Ta daɗe a kan duwatsu, amma ko noti ba ya bari a taɓa. Na so in ce ba zan je ba. Sai na dubi buhun da ke kan fulas ɗin, gefensa har ya fara bushewa. Na ɗebi sufanuna na bi bayan Inna.

Muka iske Alhaji a zaure yana shirin fita kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi ko ɗan waye, na faɗa. Ya ce, "Uhm. Yaya mahaifin naka?" Na ce yana lafiya, yana gaishe shi, ko da yake Baba bai san ma zan zo ba. Na kwashe labari na gaya masa, na ce abin da nake roƙo bai kai ƙwallon goriba ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya gyara zaman hularsa ya ce, "Yaro, motata ba mutuwa ta yi ba, hutawa take. Yau ka cire wannan, gobe wani ya cire wancan, jibi in wayi gari da kwanon banza. Ka yi haƙuri."

Na yunƙura zan tashi. Inna ce, da ke tsugune a bakin ƙofa, ta yi gyaran murya. Ta ce, "Alhaji, ni ban san mota ba. Amma shanunka da ke hannun ɗiyana, har da farar nan mai ciki da kake tambaya kullum, suna can cikin rana tare da namu suna jiran wanga malami."

Ya juya ya dube ta. "Har da nawa aka kai?"

"Yo, bushiya tana tambayar ta waye?"

Ban taɓa ganin dattijo ya miƙe da sauri irin haka ba. Shi da kansa ya shige gaba ya kai mu bayan gida, ya kori kajin da babbar rigarsa, ya ɗaga bonet ya riƙe mini. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, in na samo sabo a Katsina in zo in ɗaura masa da hannuna. Na kuwa cika, kafin kasuwa ta zagayo na kawo na ɗaura, ko da yake har Allah ya yi masa rasuwa motar nan ba ta gama hutawa ba.

Na share yanar gizo da kashin kaji na leƙa. Ga suwic ɗin nan zaune, irin nawa sak, kansa lafiya ba tsaga. Murna ta kama ni, amma ba ta daɗe ba. Wurin da aka dasa shi lungu ne, tsakanin injin da wani ƙarfe, sufanata miƙaƙƙiya ce, tana kama shi amma babu sararin juyawa. Na gwada ta sama, na kwanta na gwada ta ƙasa, na fasa 'yan yatsu, abu ko motsi. Kuma na san wannan matsalar tana jirana a tawa motar. Alhaji, wanda ɗazu ke hana ni, yanzu shi ke cewa, "Yi sauri mana, yaro, rana na yi." Da ya ga abin ya ƙi, sai ya ce in biyo shi.

Ya kai ni rumfar wani tsohon maƙeri a gefen kasuwa, yana cikin gyaran garemani, don manoma na ta shirin damina. Alhaji ya ce masa ya ajiye komai. Na nuna masa da hannu irin lanƙwasar da nake so, kamar wuyan belbela. Ya juya sufanar a tafinsa, ya ce ƙarfen Turawa ne, in ya yi gardama ba ruwansa. Ya cusa wuyanta cikin garwashi, aka yi ta hura wuta da zuga-zugi har ta yi ja, ya ɗora kan uwar maƙera ya ba ta 'yan bugu a hankali, ya ɗaga ya nuna mini, na ce a ƙara kaɗan, ya ƙara, ya tsoma a ruwa ta yi cuuu. Wannan sufana ta daɗe a akwatin kayana, direbobi da yawa sun are ta, wasu har sun kai an ƙera musu irinta.

Na koma da gudu. Ta shiga lungun kamar don shi aka yi ta. Amma tsatsa ta riƙe, sai da na ɗiga kananzir na jira ya ratsa, na riƙa ɗan ƙwanƙwasa sufanar da dutse, ina bismilla a zuci, don in na yi gaggawa ya karye a ciki, shi ke nan an yi ba a yi ba. Can na ji ya ce ƙis, ya saki. Na ƙarasa kwance shi da yatsu, na wanke shi da fetur, na hura 'yar ƙofarsa, na ƙulle shi a gefen rigata kamar wanda ya tsinci zinariya.

Kafin mu dawo gindin tsamiya rana ta take tsaka, labari kuma ya zaga kasuwa. Mutane sun yi wa motar zobe, masu awo, masu jakuna, mahauta, har da wani wanzami da ya bar mutum da rabin aski, shi ma mai rabin askin ya biyo shi. Malam na zaune a ƙasa ya rungume fulas ɗinsa, ya cire rigarsa ta sama ya jiƙa ya ƙara a kan buhun. Da ya hango ni ya miƙe, idonsa kawai ke tambaya. Na kwance gefen riga na nuna masa.

Injin ya huce, don haka na samu damar cusa hannu. Na zare wayar daga kan tsohon, na sa lanƙwasasshiyar sufana. Wannan bai yi gardama ba, man da ya jiƙa shi ya sa ya biyo hannu salin-alin. Na goge bakin ramin da tsumma mai tsabta don kada yashi ya shiga. Sannan na ɗauko na Alhaji na fara murɗa shi da yatsu zalla. Wannan na gani a gareji, ba a fara ɗaure irin wannan da sufana, don in haƙoransa suka hau a karkace ka matsa da ƙarfi, jikin injin ka ɓata, wanda ba shi da magani a Kurfi. Ya shiga sumul, zagaye bayan zagaye, har ya tsaya. Sai a nan na sa sufana na ɗan ƙara masa, daidai yadda zai zauna, ban yi masa ƙarfin tuwo ba ko da yake wani ƙato daga baya na ta cewa, "Matse shi da kyau, direba!" Na kankare bakin wayar da wuƙa har ya yi haske na maƙala. Na ɗauko ragowar galan ɗin mai da ba na rabuwa da shi a bayan kujera na juye, na auna, ya hau inda ake so.

Na goge hannu a wando na shiga na zauna. Wurin ya yi tsit, sai kukan wani jaki can nesa. Na yi bismilla na murɗa makulli. Jar wuta ta kama. Wani da ya leƙo kansa ta taga ya juya ya sanar da jama'a, "Ai ga ta nan ta sake kamawa!" Na ji an yi wani irin nishi gaba ɗaya. Na ce su dakata, haka ake so, wannan ya nuna abin na da rai. Na danna. Injin ya yi tari ya tashi. Idona na kan wutar. Tana nan. Wallahi ba ta wuce numfashi ɗaya zuwa biyu ba, amma ni a wurina kamar an yi yini. Sai ta mutu.

Ban yarda na yi murna ba tukuna. Na bar injin na aiki na fito, na karɓi farin hankicin Malam na cusa hannu na dafa shi a gindin suwic ɗin, na ce wa Malam, wanda yanzu har ya fara gwanancewa, ya taka totur kaɗan. Na jira. Na zaro hankicin na ɗaga shi sama kowa ya gani. Fari fat, ko ɗigo babu.

Ai sai wuri ya ɓarke. Matan nono suka rangaɗa guɗa, maƙerin da ya biyo mu yana ɗaga guduma yana cewa ƙirarsa ce, Alhaji na gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa kayan motarsa ne, shi ya sa. Malam ya kama hannuna da hannu biyu, mai da datti duk bai dame shi ba. Ni kuwa ji nake kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Ba mu tsaya ba. Alhaji ya ce a sauke nonon Inna a gidansa gaba ɗaya, ita kuwa ta shiga gaba tsakanina da Malam, don ta ce ta san wani burtali da zai yanke mana hanya. A ranar ce ta fara shiga mota a rayuwarta. Ta riƙe hannun Malam gam, amma bakinta bai mutu ba. "Bi nan. Kauce wa wancan yashin, yana cin jaki balle wannan. Kai ɗan nan, a hankali, ba mutuwa na zo yi ba." Ina tuƙi ina satar kallon wutar, ita kuwa ta yi barcinta.

Mun isa bayan azahar. Tun daga nesa muka hango shanu farare da jajaye sun cika wani fako, ban taɓa ganin taron dabbobi irin wannan ba. A gefe guda kuwa wani garke ya riga ya kama hanya, ga wani dattijo mai rawani ya gitta sandarsa a gabansu yana jayayya da masu shi. Ardon ke nan. Tun hantsi ake ce masa an yaudare shi, shi kuwa yana cewa malamin bai taɓa yi masa ƙarya ba. Na danna ham na ƙi saki. Duk suka waiwayo. Na ga ya sauke sandar a hankali.

Malam bai tsaya gaisuwa ba, ya buɗe fulas na farko a inuwar mota, duk muka leƙa. Ƙanƙarar ta narke saura 'yan gutsattsari suna iyo a ruwa kamar ɓarin goro. Ya tsoma yatsa, ya rufe ido, ya ce, "Da ransa." Ya buɗe sauran, duk haka. Ardo ya tako ya riƙe kafaɗarsa, ya dube ni da rigata baƙa ƙirin, Inna kuwa tana ta zuba masa labari da Fillanci tana nuna ni. Da ta gama ya ce mini da Hausa, "Ɗana, yau kun fitar da ni kunya. Allah shi fitar da kai kunyar duniya da lahira."

Aka shiga aiki ba kama hannun yaro. Samari na kama shanu, Malam na tsira allura, ana yi wa wadda aka gama alama a kunne. Ni ma na tuɓe na shiga kamu, wani bijimi ya watsar da ni a ƙasa, aka yi ta dariya. Waɗanda suka fara tafiya suka juyo da nasu, har wasu da suka ɓoye rabin garkensu a bayan dutse saboda tsoron ƙidaya suka aika a koro su, da suka ga ba wanda ke ƙidaya komai. Kafin rana ta yi ja an gama, fulas ɗin duk sun zama wofi. Suka cika mana bayan mota da man shanu da ƙwan zabi, muka ƙi, suka ƙi.

Ana kiran magariba muka shiga Dutsin-Ma. Baba na tsaye a ƙofar gida, ya ga rigata ya ce lafiya? Na zaro tsagaggen suwic ɗin daga aljihu na sa masa a hannu, na ba shi labari tun daga farko. Ya yi ta juya shi yana girgiza kai. Da na zo kan wanda ya ba mu nasa, ya ɗago kai ya ce, "Shi da kansa ya riƙe maka bonet?" Na ce shi da kansa. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce lallai gobe sai ya je ya yi godiya. Ya kuwa je.

Da damina ta sauka ciwon ya iso yankin kamar yadda ake tsoro, mun ji inda ya yi ɓarna. Garkunan da aka yi wa allura a ranar suna nan tsaye. Shekaru bayan haka, in na bi ta wajen Tamawa ko Wurma da lodin hatsi, sai in ga makiyayin da ban sani ba ya ɗaga mini sanda daga nesa.

Abin da wannan rana ta koya mini ya bi ni har cikin sha'anin gida da na kasuwa. Idan alamar haɗari ta bayyana, kada ka rufe ido ka ci gaba, kada kuma ka ɗora hannu a ka ka ce komai ya ƙare. Ka tsaya, ka goge wurin, ka duba da idonka har ka ga ta inda yake zuba. Sau da yawa za ka iske ɓarnar ƙarama ce, maganinta kuma yana kusa, a hannun mutanen da ke tsaye kewaye da kai, in dai ka iya sauke kai ka gaya musu abin da ya dame ka.